Kwalayen Ɗan Takara

"Ina kwalayen hoton ɗan takararmu?" Shamsu, jagoran matasan jam'iyya, ya shuri gwangwanin fentin mai. "Talatin ka amsa don ka rataye, tsoho. Daga Tsibiri har Jiratawa ban ga ko ɗaya ba. 'Yan adawa ka kai wa, munafuki."

Maman Lawali, tsoho mai zane, bai ɗago ba. Kullum ƙaramin zane ɗaya yake yi, na yau kuwa bai ƙare ba.

"Duk an rataye su," ya ce. "Tun faɗuwar darajar kuɗin sefa sayen allon zane ya gagare ni. Zanen gulbin nan da ka saya kake nuna wa baƙi, je ka juya bayansa. Depiten naku, ɗan majalisar da kuka sake tsayarwa, yana nan ya sa wa bango ido, kamar yadda ya saba in mun kai masa kuka."