Furen da Sallau Ya Bari

Tun da furen nan mai ɗaukar ƙamshin wanda ke ba shi ruwa ya ci gasa, kowane gida a Funtuwa ya dasa shi. Na gidan Barira, mijinta Sallau ke ba shi ruwa. Da ya rasu, ta ƙi zuba wa furen ko ɗigo, kada ƙamshinta ya kore nasa.

Ran da ta fita takaba, ta je wurin mai sayar da iri.

"Malam, kwana nawa yake yi babu ruwa?"

"Uku, Hajiya. Na huɗu ya bushe."

Ita kaɗai ce a gidan, amma kullum a jiƙe take tarar da ƙasar furen, kuma har yau ƙamshin Sallau yake yi. Ta koma gida, ta yi sallama a zaure, ta tsaya jiran a amsa.