Filin Baba Magaji

"Ki matsar da ƙofar," in ji Baba Magaji. "Ba nan take ba."

Barira ta ja linzamin kwamfuta, ƙofar ta zame a kan allo zuwa gabas. Tsohon ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin, ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai.

Ɗansa Lukman ne ya kawo aikin. Ma'aikaci ne a Abuja, ya sayi fili a bayan garin Yelwa, ya turo mata awonsa ta waya, ya ce ta zana duk abin da tsohon ya faɗa. Likita ya riga ya gaya musu zuciyar Baba ta gaji. Burin Lukman shi ne mahaifinsa, wanda ya ƙare ƙarfinsa a kamun kifi, ya kwana a gidan da ransa ke so ko da damina ɗaya ce.

Barira ta zana gidaje da yawa a ɗan ofishinta na kusa da kasuwa. Mutum zai ce ɗaki uku da falo, ta ja layuka, manhajar zanen gini ta fitar da tsawo da faɗi, magina su karɓi takarda su kama aiki. Na Baba Magaji kuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ɗakunan zagayayyu yake so. Ga rumbuna, ga wurin shanya tarun kamun kifi, ga murhun bandar kifi a bayan ɗakin Inna. Barira ta rubuta sunan ɗakin, tana tuna matarsa, tsohuwar da ke rako shi har bakin ofis. Sannan ya ce ƙofofin fita biyu ne, ta gabas da ta yamma, kowace tana gangarawa bakin ruwa.

"Baba, filin da Lukman ya saya ko rijiya babu kusa da shi."

"Ni ban ce wancan fili ba, ɗiyata."

Da ta ɗora zanen a kan awon filin, sai rabin gidan ya tsallake iyaka ya faɗa cikin na maƙwabta. Ta rage tsakar gida a ɓoye. Washegari tsohon yana zama ya nuna wurin da yatsa, ya ce daga ɗakin Inna zuwa rumbu yaro na gudu har ya yi haki, wanga kuwa taku nawa ne? Ta mayar yadda yake.

Lukman ya dinga kira. An buga bulo, magina sun gaji da jira. Ta gaya masa zanen ba zai shiga filin ba, kuma Baba yana maganar wani fili daban. Ya ce mahaifinsa bai mallaki ko taƙi ɗaya a duniya ba, gidan da suka tashi ciki ma na gandu ne, 'yan uwa sun cika shi. Ya roƙe ta ta lallaɓa tsohon. Ta lallaɓa. Ta nuna masa gidan zamani mai banɗaki a ciki, ta juya masa shi a kan allo ta kowace fuska. Ya kawar da kai kamar an nuna masa gidan baƙo.

Jikinsa kuma kullum ƙara saki yake. Ƙafafun sun kumbura, sai an riƙe shi yake sauka daga babur. Wata rana ya ɗaga yatsa zai nuna inda tsamiya take, yatsan ya tsaya a iska. Dama ko hagu da zaure? Ya kasa tunawa. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Barira ta sa itacen a dama, ta share, ta sa a hagu, ta share. Babu abin da ke cikin kwamfutar nan da zai iya gaya masa.

Ta ajiye linzamin. Idan ta zana na Lukman, tsohon ba zai shiga ba. Idan ta zana na tsohon, babu inda za a haƙa harsashinsa. Lokaci kuma ba ya jiran kowa cikinsu.

Daga ƙarshe ta ce, "Baba, ka kai ni in ga filin naka. Sai na auna shi zan iya kammalawa."

Rabon da ta ga fuskarsa ta washe haka tun ranar farko.

Da safiyar Asabar suka shiga jirgi mai inji a bakin ruwan Yelwa, ita da tef ɗin awo da zanen da ta buga a babbar takarda. Suka yi kudu, wajen Ngaski. Ta zuba ido tana neman ƙauyen da za su sauka. Suka wuce masunta masu jefa komar birgi, suka wuce jiragen fito, gaɓa ta yi nisa ta kowane ɓangare.

Baba Magaji bai kalli gaba ba. Wani tsauni yake duba a yamma, ya waiwaya ya dubi wani a gabas. Can ya ɗaga hannu, mai jirgi ya kashe inji. Babu komai sai ruwa yana marin katako.

Ya karɓi takardar, ya juya ta har ƙofar zaure ta fuskanci rana, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Baba, ina filin?"

Ya sunkuya ya tsoma yatsunsa cikin ruwan.

"Yi awonki, ɗiyata," ya ce. "Gidan shina nan ƙarƙashin jirgin ga, yadda muka bar shi ina yaro, shekarar da aka datse kogi a Kainji ruwa ya haɗiye gungunmu, tsibirin da aka haife ni."