Zanen Goyo

"Wa ya rufe shi?" Ungozomar gidan likita ta daka tsawa, ta fizge zanen daga fuskar jaririn da aka haifa kan amalanke, a hanyar Urafane.

"Ya koma, ɗiyata," in ji kakarsa. "Mun kaɗa mashi kwano a kunne, bai motsa ba. Maza na can suna haƙa."

"Kwano! Kwana biyu uwarsa tana naƙuda kuna zaune!"

Ta taɓa cibiyar, ta ji tana harbawa. Ta zuƙe majinar, ta kafa mashi robar numfashi, tana matsawa, haƙora a cije.

Kuka ya tsaga ɗakin.

Ba ta yi murmushi ba. Ta cilla wa tsohuwar zanen.

"Iya, a rufe ramin. Wannan na goyo ne."