Direban Da Ya Ƙi Fita Daga Shataletale

Mahaucin ya kai wa direban tasi naushi a ƙeya.

"Ɗan iska! Sau nawa za ka zagaya shataletalen nan da mu? Ga hanyar asibiti can!"

Direban na ta gumi, ya sake wuce kwanar. A gefen mahaucin, matarsa tana murƙususun naƙuda. "Wayyo, Baban Yara, zan mutu!"

Idon mahaucin ya rufe. Ya shaƙo wuyan direban ta baya, ya ƙara masa wani naushin a baki. Direban na kakari yana nuna ƙafarsa, amma wa ya kula? Mahaucin ya zura hannu ya fizge sitiyari da ƙarfin tsiya, motar ta kama gangaren asibiti a guje.

Sai a lokacin ya sake shi. "Ba ga shi ba?"

Direban ya tofar da haƙori. "Birki ne ya tsinke, maigida. Zagayawa nake don gudun motar ya ragu. Ban so in tsorata ta ba."

A ƙasan gangaren, 'yan makaranta sun fara tsallaka titi, suna riƙe da hannun juna.