Jita Ba Ta Son Rana

Ɗigo ɗaya ne ya faɗo daga silin ya sauka a kan jar jitar, amma ihun da Baban Jita ya yi sai da ya sa matarsa ta saki murfin tukunya.

Tun da ya yi ritaya daga gidan waya, duk abin da ya shigo hannunsa kayan kiɗa yake saya. Jita bakwai rataye a bango, ganguna a kusurwa, sarewa a kabad, ga wani ƙaton ƙahon tagulla da ya kwaso a gwanjo. Daga karin kumallo har la'asar yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Zancen iyawa kuwa, so hana ganin laifi. Matarsa ta daɗe da gano cewa ba lokacin da ya dace da ziyarar dangi kamar tsakar rana.

Ɗigon nan ya tsorata shi ƙwarai. Yau ɗigo, gobe silin ya rufto, jibi gobara, shi ke nan wahalar shekaru ta bi ruwa. Nan take ya fita barandar hawa na uku ya kira kamfanin inshora. Shi kuwa in yana waya, wayar ma ado ce. Kaf benen ba wanda bai ji cewa ranar Alhamis za a turo mutum ba.

Laraba da hantsi ana tsuga ruwa, yana tsakiyar busa ƙaho, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata matashiya ce, idanunta jajir, sanye da farin takalmi marar tsini.

"Baba, maganar inshorar nan ce ta kawo ni."

Ya ce ai gobe aka yi da shi. Ta ce ganin kaya daban, sa hannu daban. Matarsa ta miƙo tsumman goge ƙafa, ta dubi takalmin, ta ga ba buƙata.

Baƙuwar ba ta taɓa komai ba sai da ta wanke hannu har gwiwa. Ta ɗauki jar jitar, ta ɗora yatsu biyu a wuyanta tana kallon wani ɗan agogo da ke maƙale a ƙirjinta. Ta ƙwanƙwasa cikin, ta kara kunne, ta danne hamma. Sannan ta nuna ƙahon, ta tambaya ko shi ne mai shaƙewa duk lokacin da aka kai tsakiyar waƙa.

Kan Baban Jita ya fasu. Ya dubi matarsa, ya ce ta ga ƙwararru ko? Kallo ɗaya sun gano ciwon da ya shekara yana fama da shi.

Baƙuwar ta yabi kayan sosai, ta ce irin wannan taro ba a samunsa a ko'ina. Sai kuma ta tsuke fuska. Akwai sharaɗi ɗaya, in ji ta. Jita ba ta son rana. Da zafin rana itace kan buɗe, tsirkiya ta miƙe, fatar ganga ta ɗaure. Wanda ya kaɗa a wannan lokaci da hannunsa ya jawo wa kansa, ko silin ya rufto daga baya kamfani ba ruwansa.

Baban Jita ya leƙa waje. Ya ce to yau ai hadari ne, ba rana. Ta ce ranar tana nan a bayan hadarin. Ya roƙi ko ɗan lokaci kaɗan bayan azahar, ta girgiza kai. Ya ce sarewa fa, ita da ba ta da tsirkiya? Ta ce ita ce ma ta fi saurin tsagewa. Ya nuna ƙahon, wai tagulla ba ta tsagewa.

"Wannan kam, Baba, ko kallonsa kada ka yi kafin magariba. Amma daga bakwai na yamma, ka kaɗa har hannunka ya gaji."

A nan ne fuskar matarsa ta sauya, don yamma ce kaɗai lokacin da kunnenta ke hutawa. Ta buɗe baki, baƙuwar ta yi mata wani kallo na roƙo, sai matar ta rufe bakinta.

Baban Jita ya zauna yana shafa jar jitar. Baƙin ciki ya cika shi, don kiɗan rana shi ne abin da ke tashinsa da safe tun da ya bar aiki. Amma ya ɗaga kai ya ga tabon ruwan a silin yana ƙara faɗi. Ya rataye jitar da hannunsa, ya ce ya yarda.

Da baƙuwar za ta fita ta rage murya. Gobe wani zai kawo takardu, in ji ta, amma kada ya tayar masa da zancen rana, don da zarar ya ji an taɓa kaɗa kayan da zafi zai ninka kuɗin. Baban Jita ya yi alƙawari ko da wasa ba zai furta ba, ya sa mata albarka har da 'ya'yan da za ta haifa.

Bayan ta tafi ya tuna ba ta da lema. Ya suri tasa ya yi baranda don ya jefa mata. Ya daɗe yana leƙen ƙofar benen, ruwa na dukan sanƙonsa, bai ga fitar kowa ba. Ya ce ma'aikatan zamani akwai zafin nama.

Ita kuwa hawa ɗaya kacal ta sauka. Ta buɗe ɗakin da ke daidai ƙarƙashin nasa, ta watsa audugar toshe kunne a kwandon shara, ta goge farar rigarta ta asibiti saboda aikin dare, sannan ta ja bargo ta yi barcin ranar da rabonta da shi tun da ta tare a gidan.