Shawarar Mushe Jibrilla

Mushe Jibrilla na hango rawanin Alhaji Manzo a bakin kasuwar dabbobi, sai ya karya kan babur ya faɗa lungun maƙera. Lahadi ta uku ke nan yana wannan ɓuya, shi da furfurarsa, shi da ke koyar da tattalin arziki a wata lise, makarantar sakandare ta Tawa, inda ake ce wa malami Mushe.

Shekara uku baya ya buɗe asusu a kasuwar hannun jari ta Abijan, ta cikin salularsa. Tun daga ranar fadarsu ta shayi ta koma aji. Yakan tsaya da kofi a hannu yana bayanin yadda in bankunan Turawa suka ɗaga kuɗin ruwa, tiyar hatsi a Tawa take kwana da zazzaɓi. Abokan su ce Allah ya ƙara sani, su ci gaba da kartarsu.

Mutum ɗaya ne ke saurare: Alhaji Manzo, falken dabbobi da hatsi daga Affala, wanda bai taɓa leƙa lakwal ba, bai san boko ba. Shi ma ya sa wani ma'aikacin banki ya buɗe masa asusu. Duk Lahadi in kasuwa ta watse sai ya zo, ya tuɓe takalmi, ya zauna kusa.

"Mushe, kai mi ka saye wanga sati?"

Jibrilla ya faɗa.

"Ka tabbata?"

In ya ce ɗari bisa ɗari, fuskar Alhaji ta washe kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ranar da ya ce shi ma bai gane kan kasuwar ba, a dakata, tsohon ya tashi jiki a sanyaye ko shayin bai ƙarasa ba. Wannan yarda ta fi albashi daɗi a wurin Jibrilla.

Ya sayi jarin wani kamfanin siminti ana tsaka da yabonsa, wata biyu ya zube. Da aka fara maganar tattalin arzikin duniya ya ja baya, ya tsorata ya sayar da na kamfanin waya, kafin damina farashinsa ya ninka. Ya rantse tsadar abinci ta zo ƙarshe, ya ce duk mai hatsi a rumbu ya fitar. Sai aka rufe iyaka, buhun shinkafa ya gagari ma'aikaci. Matarsa Haula ta ce, "Kasuwar duniya na bakinka, cefane na hannun Allah."

Asararsa ba ta dame shi kamar ta Alhaji ba. Shi dai albashi zai zo ƙarshen wata. Tsohon kuwa guminsa ne na shekara arba'in, bakuna ashirin na jiransa a gida. Amma ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. Da fari cuku yake kawowa, sannan tandun man shanu, da layya ta zo sai ga rago da ƙyar ya shiga ƙofar gida. Jibrilla ya ce a ransa dattako ke nan, mutum na zubar da jini yana murmushi. Kunya ta hana shi kallon ragon. Ba ta hana shi cin naman ba.

Sai shawara ta ƙarshe. Ya tattara abin da ya rage ya zuba a jarin wani banki, ya ce da Alhaji a gaban kowa, "Wanga karon ko barci nike a tashe ni, zan maimaita. Ka saye." Sati shida, kashi ɗaya cikin uku ya narke. Daga nan ɓuya ta fara.

A lungun maƙeran, yana raɓe bayan tarin garemani, wani tsohon ɗalibinsa ya gaishe shi da ladabi, ya tambaya ko babur ne ya lalace. Jibrilla ya ji abin ya ishe shi. Washegari ya ɗauko takardar filinsa na bayan gari, wanda ya yi shekara goma yana mafarkin ginawa, ya sa a aljihu, ya hau motar Affala.

Ya iske Alhaji a zaure. Ginin sabo ne, har yanzu yana warin siminti, ga babbar mota a ƙofa ana loda buhuna. Jibrilla ya kau da kai. Ya san irin wannan, mai karaya ya fi kowa ado don kada maƙiya su gane.

Bayan gaisuwa ya ajiye takardar a kan tabarma.

"Alhaji, na cuce ka. Shekara uku ina magana, ko ɗaya ba ta faɗa daidai ba. Riƙe wanga fili ya rage maka zafi. Ni kau na rufe asusuna, kuma na yi alkawari bakina ba ya ƙara ba kowa shawara."

Alhaji bai ko dubi takardar ba. Carbin hannunsa ya suɓuce. Ya kamo hannun Jibrilla da hannu biyu kamar wanda aka ce gobara ta kama rumbunsa.

"Subhanallahi, Mushe, kar ka kashe ni da raina! In ka yi shiru, wa zan riƙa saɓa wa? Shekara uku duk abin da ka ce a saye ina saidawa, wanda ka ce a saida ina saye, kuma wallahi ko sau guda ba ka taɓa ba ni kunya ba."