Ɗalibin Bencin Baya

Farfesa ya ɗaga littafin da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, ya nuna wa aji.

"Jama'a, wannan rubutu ne, ko kaji ne suka yi dambe a kan takarda?"

Ba wanda ya yi dariya. Ma'aikatan kamfanin katifa su ashirin da uku suka sunkuyar da kai, kowa ya ƙura wa fensirinsa ido. Mai littafin kuwa, wani tsoho a bencin baya, cewa ya yi, "A yi haƙuri, Malam. Zan sake."

Farfesa dai ba farfesa ba ne. Digiri ɗaya gare shi, shi ma shekara huɗu yana yawo da shi a jaka, har takalminsa ya buɗe baki. Sai wata ƙungiyar yaƙi da jahilci ta haɗa gwiwa da kamfanin, ta turo shi ya koya wa ma'aikata karatu da rubutu, awa ɗaya kullum a ɗakin cin abinci. Ma'aikatan ne suka laƙa masa sunan a bayan idonsa. Da ya ji, sai bawan Allah ya ɗauka yabo ne.

Gwajin wata uku aka ba shi. Ranar ƙarshe kowane ɗalibi zai tashi ya karanta layi ɗaya a gaban mai kamfanin. In ya gamsu, aiki ya zama na dindindin. In bai gamsu ba, Farfesa ya koma bin ofisoshi da jakarsa. Bai taɓa haɗuwa da maigidan ba, komai ta hannun manaja yake bi. Manajan dai ya ce masa tun ranar farko, "Maigida na sa ido a kan ajin nan fiye da yadda kake zato."

Doka ce a kamfanin, duk wanda zai taka ciki, daga mai shara har manaja, sai ya sa shuɗiyar rigar aiki da hula saboda ƙurar auduga. Farfesa kaɗai ya ƙi. Shi da ya yi jami'a zai rufe nektai ɗinsa da rigar leburori? Allah ya sawwaƙe! Don haka a idonsa duk ɗaya suke, shuɗi bayan shuɗi. Ko fuskokinsu bai wahalar da kansa ya riƙe ba, daga "kai" sai "ke".

Tsohon nan ne kawai ya tsaya masa a wuya. Fensiri yake riƙewa kamar guduma, ya yi gumi sharkaf a kan harafi ɗaya. Yakan zo a makare, ba mai ce masa uffan. In ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya ruga wurin injinsa, shi sai ya zauna yana kwafar allo a hankali, ga daƙiƙanci ga lalaci. Ba mai zama a bencinsa, Farfesa ya ce lalle ko jahilai sun san wanda ya fi su. Sau biyu shi da tsohon suna shigowa ƙofa tare, maigadi ya miƙe zumbur ya sara. Farfesa ya gyara nektai, ya ji daɗin yadda ilimi ke da kwarjini.

Ranar ta zo. An share ɗaki, an kawo ƙatuwar kujera mai laushi an ajiye a gaba. Farfesa ya dubi bencin baya, ya hango tsohon zaune da littafinsa. Wake ɗaya fa shi ke ɓata gari.

"Baba, zo nan."

Ya ja shi zuwa sito, ya nuna masa tulin soso. "Kwashe su ka mayar wancan lungun."

"Malam, ai yau ne karatun. Sati guda ina bitar layina."

"Karatunka na yau ke nan."

Tsohon ya dube shi jim kaɗan, ya cusa littafinsa a aljihu, ya sunkuya ya ɗauki soso. Farfesa ya ja ƙofa, ya danna sakata ta waje.

Wata mai ɗinkin rigar katifa ta tare shi, ido a waje. "Malam, don girman Allah, da ka buɗe. Wannan fa..."

"Da ke nake? Yaushe kika iya baƙi har za ki koya mini aikina?"

Ta kama bakinta. "To, Allah ya ba da sa'a."

Manaja ya shigo tare da wakiliyar ƙungiya, suka zauna. Minti goma, minti ashirin, kujera na nan wayam. Farfesa sai leƙen ƙofa yake yi, manaja kuwa bencin baya yake ta waiwaya.

Can sai ga ƙwanƙwasa daga sito, a hankali, cikin ladabi.

Farfesa ya yi murmushi. "Kada ku damu, ranka ya daɗe. Wani daƙiƙin tsoho ne na ajiye, kada ya zubar mana da mutunci a gaban maigida. Wata uku, ko sunansa da ƙyar yake haɗawa."

Manaja ya zabura har bencinsa ya kife, ya ruga ya zare sakata.

Tsohon ya fito, auduga fari fat a hularsa, littafi a hannu. Ya tako har gaban allo, ya tsaya kamar yadda ɗalibi ke tsayawa.

"Malam, na gama kwashe soson," ya ce. "Yanzu a ina kake so in zauna, a bencin baya ko a kujerar mai kamfani? Duka biyun nawa ne."